Ƙarfen da Ya Murɗe a Ƙofar Mangaza

A ranin 1954 wani kamfanin sayen gyaɗa ya sa a gina masa mangaza, wato babban ɗakin ajiyar kaya, a Madarumfa, gabas da kasuwa, inda kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, zai samu wurin juyawa. Wanda aka ɗora a kan aikin shi ne Hamisu, ɗan garin, mai shekara talatin da ɗaya. Yana ƙarami aka ɗauke shi aka kai lakwal, makarantar boko, a Maraɗi, uwarsa Tani tana kuka. Daga can aka tura shi Yamai ya koyi gini da karatun zane. Ya yi shekara tara yana bin Nasara daga wannan aiki zuwa wancan, yana riƙe masu igiyar awo. Wannan ne karo na farko da aka ce masa, ga zane, ga ma'aikata, je ka yi. Kuma a garinsu. Kowa a wurin aiki Shef, wato shugaba, yake ce masa, har waɗanda suka yi wasan langa tare.

Ƙofar mangazar faɗinta metir biyar ne, don kamiyo ya shiga da baya. Azarar giginya ba za ta iya wannan tsallake ba, ga nauyin bulo a kanta, don haka aka kawo azara ta ƙarfe ta hanyar Katsina. Mutum goma sha biyu suka sauke ta. In ka dubi ƙarfen ta bakinsa, leɓe ne shimfiɗe a sama, leɓe shimfiɗe a ƙasa, da ƙashi guda tsaye a tsakiya ya haɗa su. Aka aza shi a kan ginshiƙai biyu, aka liƙe bakunansa da siminti, aka ɗora masa layi huɗu na bulo da bakin rufi, duka daidai tsakiyar bayansa.

Zanen da injiniya ya aiko daga Maraɗi ya nuna ƙyaure biyu masu buɗewa waje, kowane maƙale a ginshiƙinsa. Amma da wakilin kamfani ya zo dubawa, wani Banasare mai gaggawa a komai, sai ya ce ba ya son su. Ya ga irin ƙyauren da ake turawa gefe a Kano, masu gudu a kan layin ƙarfe, su yake so.

Hamisu ya ce, "Mushe," don haka ake kiran Nasara, "sai an tambayi injiniya."

Wakili ya ce, "Injiniya yana ƙasarsu hutu, sai bayan wata biyar. Kai ba ka yi lakwal ba? Lissafa mana."

Maganar ta yi wa Hamisu daɗi, ba zai ɓoye ba. Yana da wani littafi da ya zo da shi daga Yamai, mai ɗauke da jerin kowane irin ƙarfe da nauyin da yake ɗauka gwargwadon tsawonsa. Ya zauna a inuwar gawo ya haɗa nauyin bulo da na rufi da na ƙyaure biyun, ya duba littafin. Ƙarfen yana da ragowar ƙarfi mai yawa. Ya sake lissafin daga farko, ya fito daidai.

Abu guda ne ya saura. Bangon ya fi ƙarfen kauri, saboda haka dole layin da ƙyauren za su gudu a kai ya fito waje, ya tsere wa fuskar bango. Hamisu ya zana hannuwan ƙarfe guda shida da za a ɗaure a jikin azarar, su miƙo waje taƙi guda da ƴan yatsu, su riƙe layin. Ya naɗe takardar ya nufi maƙera.

Maƙerin garin Mato ne, dattijo ɗan asalin wajen garin Sarkin Yamma. Ba ya salla, abin da ya tarar iyayensa na yi shi yake bi, kowace shekara yana yanka jan zakara a kan uwar maƙera. Shi ya ƙera wa mahaifin Hamisu hauya da lauje har ya rasu. Ya karɓi takardar, ya juya ta, ya mayar, ya ce a gaya masa da baki. Hamisu ya tsuguna ya zana masa a ƙasa.

Mato ya ce, "Ƙyauren ga, buhu nawa ne na gyaɗa nauyinsu?"

"Kamar buhu huɗu kowane."

"Takwas ke nan in sun haɗu a tsakiya. Kuma duka gefe guda."

"Baba, ƙarfen na ɗaukar fiye da haka nesa ba kusa ba. Littafi ya faɗa."

"Bisa bayansa. Littafin ya ce a gefensa?" Mato ya ɗaga kai ya dube shi. "Aza tulu a ka, ka je tabki ka dawo, ba ka ji komai ba. Riƙe shi da hannu guda a miƙe, ka gaya mini ko tulun nan ne dai."

Hamisu ya yi murmushi cikin ladabi, ya ce ai ƙarfen Nasara ba hannun mutum ba ne.

Mato ya ce, "To. Abin da ka zana shi zan ƙera."

Ya ƙera hannuwan shida da ƴan tayoyin ƙarfe huɗu, biyu ga kowane ƙyaure, aiki mai kyau. Ranar da aka rataye ƙyauren mutane suka taru. Mutum guda ya tura nauyin buhu huɗu na katako da ƙarfe da tafin hannu, suka tafi sumul. Tani, wadda ta tsufa idonta ya rage, sai da aka riƙo hannunta ta zo ta shafa. Hamisu bai taɓa jin daɗin rana kamar wannan ba.

Damina ta zo ta wuce, mangaza a rufe. Da kaka ta kama, gyaɗa ta fara shigowa a kan jakuna da raƙuma, ana buɗe ƙofar ana rufewa sau ashirin a wuni. Sai ƙyauren suka fara tauri idan sun kusa haɗuwa a tsakiya. Aka zuba wa tayoyin man gyaɗa, suka ɗan saki, suka koma. Hamisu yana nan kusa yana gina rumfar awo, ya ga garin siminti yana zubowa daga inda bakunan ƙarfen suka zauna a kan ginshiƙai. Ya ce zafi ne ya busar da shi, ya sa aka sake shafewa.

Wata Laraba da la'asar, wani ɗan dako mai suna Ɗan Azumi, magidanci mai ƴaƴa huɗu, yana rufe ƙofa. An riga an jawo ƙyauren hagu tsakiya. Ya tura na dama ya cije, ya sa kafaɗa ya ƙara ƙarfi. Tayar gaba ta hau leɓen layin ta fita, ta baya ta bi ta, ƙyauren ya sauko a tsaye a kan ƙafarsa ta dama. Sai da mutum shida suka ɗaga shi. Aka naɗe ƙafar da rawani, aka sa shi a kamiyo zuwa wurin lokotoro, wato likita, a Maraɗi.

Wakili ya sa aka sauke ɗaya ƙyauren ma. Ya ɗauki tayar da ta fita, ya ga sandar cikinta ta lanƙwashe. Ya ce wa Hamisu, "Auna mini ƙarfen sama."

Hamisu ya hau tsani da igiyarsa mai dunƙulen darma a ƙarshenta. Ya saki igiyar daga leɓen sama, ta sauko ta shafi leɓen ƙasa, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ya ja zare daga wannan baki zuwa wancan, bai ga lotsawa ba. Ya sauko ya ce ƙarfen lafiya lau yake. A lokacin iyakar abin da ya gani ke nan.

Wakili ya ce to an gane. An ba maƙeri ƙarfe mai kyau, ya ɓoye ya yi aiki da ruɓaɓɓe. Ya rubuta wa kumandan, Banasaren da ke mulkin yankin, takarda. Washegari da hantsi gardi-sarki biyu, ƴan sandan kumandan, suka zo maƙera. Hamisu yana tsaye a bakin hanya lokacin da aka fito da Mato. Dattijon ya dube shi sau ɗaya. Matarsa Inde ya juya ya ce wa ta shigar da zugazugi ɗaki kada awaki su ci fatar.

Kwana uku Hamisu yana zuwa aiki yana dawowa. Bai iya cin abinci sosai ba. A rana ta huɗu ya dawo da azahar ya tarar da Inde zaune a tsakar gidansa a kan tabarma, matarsa Hajara ta ajiye mata fura ba ta taɓa ba. Ya gaishe ta, ta amsa. Ya koma gefe ya zauna. Da rana ta karkata ta tashi, ta yi sallama ta tafi.

Hajara ta ce, "Tun safe take nan, Malam. Ba ta roƙi komai ba. Ta dai ce shekara arba'in tana gidansa, ba a taɓa dawo masa da ko lauje an ce ya ci amana ba."

"Na auna ƙarfen, Hajara. Miƙe yake."

"Ni ban san ƙarfe ba. Amma tun ran Laraba kake buɗe littafin nan kana rufewa. Wanda ya gamsu ba ya haka." Ta ɗauke kwanon furar. "Da ka auna shi, ƙyauren na rataye?"

Nan take Hamisu ya tuna. Ba su rataye. An sauke su duka biyu kafin ya hau tsani.

Da sassafe ya tafi mangaza ya samu Illo, sarkin ƴan dako, ya ce ya ba shi mutum huɗu da igiya mai ƙwari. Ya hau ya ɗaure igiyar darma a leɓen sama daidai tsakiyar ƙofa, yadda take shafar leɓen ƙasa. Sannan ya sa aka zarga igiyoyi a kan layin da ƙyauren ke gudu, aka fara rataya buhunan gyaɗa ɗaya bayan ɗaya.

A buhu na biyu bai ga komai ba. A na huɗu igiyar darma ta rabu da leɓen ƙasa, har yatsa zai shiga. A na shida yatsa biyu. Da aka rataya na takwas sai ya ji ƙara kaɗan daga ginshiƙin dama, sabon shafen siminti ya tsage, gari ya zubo. Ƙarfen bai lotsa ƙasa ba ko kaɗan, littafi bai yi ƙarya ba. Juyawa ya yi. Leɓen sama ya sunkuyo waje, na ƙasa ya shige ciki, kamar wanki in ana matse shi. Layin kuwa ya karkace har taya ba za ta zauna a kansa daidai ba.

Ya sa aka sauke buhunan. Ƙarfen ya koma wurinsa a hankali, igiya ta sake shafar leɓe.

Ya ce a sake, amma wannan karon ya fasa ɗan bulo ya zarga igiyoyin a kan bayan ƙarfen, buhunan suka rataye daidai ƙarƙashin ƙashin tsakiya. Buhu takwas ɗin nan dai. Igiyar darma ko motsi ba ta yi ba.

Hamisu ya daɗe a kan tsani. Ƴan dako suna ƙasa suna jira, ba wanda ya san abin da yake kallo. Da a ce ya sauko ya ce masu an gama, su koma aiki, da shi ke nan.

Illo ya ce, "Mi ka gani, Shef?"

Hamisu ya ce, "Tayoyin Baba Mato ba su da laifi. Ni na rataya ƙyauren inda bai kamata ba."

Ya je ya gaya wa wakili. Wakili ya saurare shi yana buga alƙalami a tebur, sannan ya rufe ƙofar biro, wato ofishinsa.

Ya ce, "Ji nan. Maƙerin wata uku zai yi a sake shi. Tsoho ne, ba wanda zai wahalar da shi. Mu mayar da ƙyaure masu buɗewa, magana ta mutu. In ka kai wannan Maraɗi, kai za a cire. Ni ma a tambaye ni wa ya ce a canza zane. Mutum nawa ne irinka suka kai inda ka kai a ƙasar nan?"

Hamisu ya san amsar. Ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Ya tuna shekara tara yana riƙe igiyar awo, ya tuna ranar da uwarsa ta shafa ƙyauren. Ya ce, "Na ji, Mushe." Ya fita, ya biya gida ya gaya wa Hajara inda za shi, ya hau kekensa ya kama hanyar Maraɗi cikin rana.

Injiniya ya dawo daga hutu tun watan da ya wuce. Dattijo ne mai furfura, ya daɗe a ƙasar har yana jin Hausa. Hamisu ya tsaya gaban teburinsa da ƙura har gwiwa, ya faɗi komai daga farko: yadda aka canza ƙyaure, yadda ya yi lissafi, abin da maƙeri ya ce masa, abin da buhuna suka nuna. Injiniya bai katse shi ba. Da Hamisu ya gama, injiniya ya ce, "Wa ya koya maka gwajin buhun?"

"Ba kowa. Matata ce ta tambaye ni ko ƙyauren na rataye da na auna."

Washegari suka zo Madarumfa a motar injiniya. Ya sa aka maimaita gwajin a gabansa, ya hau tsani da kansa duk da shekarunsa. Da ya sauko ya karɓi alli ya tsuguna gaban ƙyauren da ke jingine, ya zana bakin ƙarfen.

Ya ce, "Littafinka tambaya guda yake amsawa: nauyi nawa ƙarfe zai ɗauka in an aza masa a tsakiyar bayansa. Da zarar nauyin ya kauce gefe, tambaya ta zama biyu. Akwai nauyin, akwai kuma nisan da ya kauce. Ka ninka wannan da wancan, abin da ya fito shi ne ƙarfin da ke murɗa shi. Irin wannan ƙarfe mai leɓe biyu gwani ne wajen ɗaukar kaya a ka, amma wajen murɗa rago ne. Ga shi kuma bakunansa ba a ɗaure suke ba, aza su kawai aka yi, don ni ban zana su don murɗa ba. Kullum aka rufe ƙofa yana juyawa, aka buɗe ya koma, yana cin simintin da ke riƙe da shi, har ranar da taya ta fita."

Hamisu ya ce, "Ba a koya mana wannan ba a Yamai."

"Na sani. Ba a koya maku ba don ba a yi zaton za a bar ku ku kaɗai da irin wannan ba. Wannan laifinmu ne. Naka shi ne an gaya maka, ka yi murmushi."

Injiniya ya wuce wurin kumandan a ranar. Aka saki Mato bayan kwana tara a gidan kaso.

Hamisu ya bari ya kwana biyu a gida sannan ya je maƙera. Ya tarar da shi yana gyara bakin murhu, ya rame, tafin hannunsa duk ya ƙuje saboda ɗaukar dutse da aka sa su. Hamisu ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, ka gaya mini, ban ji ba. Kuma aka tafi da kai ina tsaye. Ka yafe mini."

Mato ya ci gaba da shafa yumɓu. Sai can ya ce, "Kamun bai dame ni ba kamar abin da aka ce. Ɓarawon ƙarfe. A kasuwa aka faɗa, gaban surukaina."

"A kasuwa zan warware, ran kasuwa mai zuwa."

"To, yi hakan." Ya goge hannu a zane. "Ka je wurin Ɗan Azumi?"

"Tukuna."

"Nawa kwana tara ne, sun wuce. Nasa ba ya wucewa. Can ya kamata ka fara."

An sallamo Ɗan Azumi daga wurin lokotoro, an yanke masa yatsu uku na ƙafa, ƙashin tafin kuma ya zauna a karkace. Hamisu ya same shi kwance a rumfar ƙofar gidansa, ya zauna a ƙasa ya gaya masa yadda abin yake, bai rage komai ba. Ɗan Azumi ya saurara yana kallon rufin rumfa.

Ya ce, "Ni na ɗauka ni na tura da ƙarfi fiye da kima. Kullum abin da nake juyawa a raina ke nan."

"Ko wa ya tura a ranar, da ya faɗo."

"To, ka sauke mini wannan." Ɗan Azumi ya gyara kwanciya. "Ƙaddara ce, Shef, ban riƙe ka ba. Amma buhu dai na gama ɗauka. Gona kuma ban san yadda za ta kasance ba."

Hamisu ya ce gonar a bar masa ita. Ran kasuwa kuma ya tsaya kusa da rumfar mahauta, inda jama'a ta fi yawa, ya faɗa da murya sama cewa Mato bai ci ƙarfen kowa ba, kuskuren na mai zane ne, shi ne kuma mai zanen. Wasu suka ce ya kyauta, wasu suka ce lakwal ɗin ke nan. Ya ji duka.

Saura gyara. Injiniya ya ce abin da ya fi sauƙi a koma ƙyaure masu buɗewa, amma an riga an gina rumfar awo dab da ƙofa, ba wurin da za su buɗe. Suka tsaya su uku a gaban ƙofar, shi da Hamisu da Mato, wanda injiniya ya aika a kira da sunansa. Mato ya zo da gora guda a hannu. Ya yanke ta biyu, ya miƙa wa Hamisu guntu ɗaya ya ce ya murɗa. Hamisu ya kama da hannu biyu ya yi iya ƙarfinsa, ba ta juya ba. Mato ya ɗauki ɗaya guntun, ya tsaga shi da wuƙa ta gefe guda daga sama har ƙasa, bai cire komai daga jikinsa ba, ya miƙa masa. Hamisu ya murɗa, gorar ta juya kamar ganye.

Mato ya ce, "Haka bakin bindiga yake. In ban rufe ɗinkinsa ba, banza ne. Ƙarfenku a buɗe yake ta gefe biyu. A rufe shi."

Injiniya ya karɓi guntayen ya gwada da kansa, ya yi dariya. Ya ce abin da zai faɗa ke nan, sai dai shi da takarda uku zai faɗe shi. Ya zauna da Hamisu wuni guda suka yi lissafin tare, ya bar shi ya riƙe alƙalami, yana gyara masa inda ya kauce. Suka fitar da kaurin fallen ƙarfe da za a rufe gefunan da shi, da tazarar ƙusoshi, da yadda za a ɗaure bakunan.

Aka tokare bulo da rufi da gumagumen giginya, aka sauke ƙarfen. Mato ya kafa murhu a gefen mangaza. Aka rufe gefe biyu da falle daga leɓen sama zuwa na ƙasa, ana zura ƙusa tana ja wur a buge kanta kafin ta huce, har ƙarfen ya koma kamar dogon akwati. Aka fasa kawunan ginshiƙai aka sake zuba su, da ƙarafa a ciki da suka kama bakunan sama da ƙasa. Hamisu ya rage tsawon hannuwan da yatsa uku, iyakar abin da bango ya bari. Ya kuma ƙara tokare biyu daga bayan ƙarfen zuwa katakon rufi. Aikin ya ci mako uku. Kafin a mayar da ƙyauren ya sa aka rataya buhu goma sha biyu a kan layin, aka bar su wuni guda, igiyar darma tana nan manne da ƙarfe.

Takardar Hamisu ta zo bayan wata guda. An sauke shi daga shugabancin gini, an tura shi aikin hanya wajen garin Ɗan Issa, yana duba masu haƙa magudanar ruwa a ƙarƙashin wani. Injiniya ya gaya masa cewa shi ya yi iya ƙoƙarinsa a kai, ba don haka ba da kora ce. Wakilin kamfani ba abin da ya same shi, a ƙarshen kaka aka mayar da shi wani gari. Tani ta tambayi ɗanta ko gaskiya ne an rage masa girma, ya ce gaskiya ne. Ta ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri, ta tambaye shi ko can akwai ruwa mai kyau.

Ɗan Azumi ya fara takawa da sanda kafin bazara. Wansa masunci ne, ya ɗauke shi suna shiga tabki tare, shi yana zaune yana gyaran raga da jefa ƙugiya, aikin da ba ya son tsayuwa. Da ruwa ya sauka, Hamisu yakan taso daga Ɗan Issa a keke kowace Asabar da yamma, ya wuni Lahadi a gonar Ɗan Azumi. Hannunsa ya manta hauya, makon farko duk ya yi bororo. Illo ya gan shi, mako na biyu ya zo da mutum uku ba tare da an roƙe shi ba. A shekarar gonar ta ba da dami talatin da biyu na gero, ban da wake.

Hamisu ya yi shekara biyu a aikin hanya. A ta uku injiniya ya nemo shi da suna, za a gina wata makaranta mai dogon baranda a arewacin Maraɗi. Hamisu ya kwashe Hajara da yara suka tafi.